Fili Mai Lamba Sha Huɗu

Mun iso da la'asar sakaliya,
ni da babana Toivo, da tsohon tantinsa
mai warin hayaƙin shekara talatin.
Jami'ar gandun daji ta leƙo ta taga,
ta karɓi kuɗi, ta miƙo taswira,
ta ce, "Fili sha huɗu, dab da ruwa.
Ku kulle abinci a mota, beyar na yawo bana."

Baba ya dube ta, ya dube ni,
ya tambaya a hankali wace ce ni.
Na ce, "Aili ce, 'yarka."
Ya ce, "To, madalla,"
kamar wanda aka gaya wa farashin gishiri.

Satumba ce a arewacin Minnesota.
Dogayen itatuwa masu ganyen allura,
da farare masu ɓawo kamar takarda,
sun jeru kafaɗa da kafaɗa har bakin tabki.

Na yi ta kokawa da turaku.
Igiya ta harɗe, guduma ta sami babban yatsana.
Sai ga hannunsa, mai rawa, mai tabon tsufa,
ya karɓi igiyar bai ce uffan ba.
Zagaye biyu, ya cusa, ya ja,
ƙulli ya zauna daram.
Kai ya manta,
yatsu ba su manta ba.

Ya aike ni tsintar ɓawo:
"Wanda ya faɗo. Kada ki feɗe mai rai."
Ashana ɗaya tak, wuta ta kama.
Muka ci waken gwangwani da dankalin toka,
sauro na karɓar nasa rabon a wuyanmu.
Daga fili sha biyar, autar gidan Vang
ta kawo masa farar alewa a tsinke,
ta ƙone ƙurmus ta gefe guda.
Ya cinye, ya yi mata godiya da Finlanci,
harshen da rabona da ji a bakinsa
tun jana'izar kakata.

Da duhu ya kankama, tsuntsun ruwan nan mai jan ido
ya saki kukansa daga tsakiyar tabki,
rabi dariya, rabi makoki.
Baba ya dunƙule tafuka, ya busa a tsakanin yatsu.
Shiru.
Can sai tsuntsun ya amsa.
"Kin ji, Helmi?"
Shekara tara ke nan da rufe Helmi.
Na ce, "Na ji."

Ƙarfe uku na farka.
Gefensa ba kowa, bargon har ya huce.
Ban tsaya neman takalmi ba.
Tocila tana rawa a hannuna,
kowane kututture ya zama mutum kwance,
kowane reshe ya zama hannu.

A kan gadar katako na same shi,
ƙafafu a ruwa, taurari zube kewaye da idon sawunsa.
Na buɗe baki, faɗa ya cika shi taf.
Ya ɗora yatsa a leɓe:
"Yi a hankali, baiwar Allah.
Yarinyata na barci a tanti.
Aili. Shekararta shida.
Tsoron duhu take, shi ya sa nake gadi."

Na kashe tocila.
Na zauna, na tsoma ƙafa; ruwan kamar ƙanƙara.
Muka yi gadinta tare
har gabas ta fara fari.

Da safe hazo ya kwanta a kan tabki kamar madara.
Wani ɓarawo mai zobe-zobe a wutsiya
ya yi gaba da burodin da na manta a tebur.
Na tuge turaku, na naɗe tanti,
na zo kan ƙullin jiya.
Na sa farce, na sa haƙori, ya ƙi.
Da wuƙa a aljihuna.
Na naɗe igiyar yadda take,
na sa a jaka.